Gasar Sarki Oscar da Matsalar Halittun Sama Uku

A shekarar 1687 Isaac Newton ya nuna yadda ake lissafa tafiyar halittun sama biyu masu jan juna, kamar rana da duniya. In an san inda suke yau da saurin tafiyarsu, alƙalami zai faɗi inda za su kasance bayan shekara dubu. Da zarar an ƙara na uku, kamar wata, sai lissafi ya cije. Kusan ƙarni biyu masana suna fama, ba su samu cikakkiyar mafita ba. Tambayar kuwa babba ce: shin duniyoyin da ke kewaya rana za su dawwama a falakinsu, ko watarana ɗaya za ta kauce?

A 1885 aka shelanta gasa a kan wannan batu, albarkacin cikar Sarki Oscar na Biyu na Suwidin shekara 60 a 1889. Henri Poincaré, Bafaranshe, shi ya lashe lambar zinariya da kurona 2,500. Bai warware matsalar ba. Tambayar ya sauya, kuma a ganina nan gwanintarsa take. Ya bar neman adadin da ke nuna matsayin kowace duniya a kowane lokaci, ya koma nazarin siffar hanyoyin baki ɗaya: wacce ke komawa mafarinta, wacce ke kusantar wata, wacce ke nesanta.

Ana tsakiyar buga aikin a mujallar Acta Mathematica, sai wani matashin mai tacewa, Edvard Phragmén, ya nemi ƙarin bayani a kan wasu sassa. Da Poincaré ya sake dubawa, ya tarar da ɓaraka babba. Wasu layuka da ya ɗauka suna haɗuwa su rufe, ashe ratsa juna suke yi ba iyaka, su saƙa wani tarko mai wuyar zanawa. Aka janye kwafen da aka raba, ya biya kuɗin ɗab'in daga aljihunsa, sama da kurona 3,500, fiye da kyautar da ya ci. Gyararren aikin ya fito a 1890, yana nuna cewa tsarin da ke bin ƙa'ida tsaf zai iya gagarar hasashe, domin ɗan bambanci a farko yana haɓaka har ya sauya ƙarshe.

Sai bayan shekaru saba'in kwamfuta ta nuna hakan a fili. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127 cikin lissafin iska, sai injin ya ba shi wani yanayi dabam.