Ɗan Cirani a Yerwa, da Wanda Ke Tsare Lafiyarsa a Bakin Aiki

Yerwa, wadda a takardun hukuma ake kira Maiduguri, ba tsohon birni ba ne idan aka gwada ta da Kano ko Katsina, domin sai a shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, wadda yaƙin Rabe ya bari kufai, ya zo ya kafa fadarsa a gefen kogin Ngadda, kusa da barikin Turawa. Garin da aka sara a fili kuwa ba ya ginuwa sai da hannu mai yawa, saboda haka tun farko baƙi suka shigo ta kowace kusurwa, har unguwanni irin su Hausari da Fezzan suka ɗauki sunan mutanen da suka fara sauka a cikinsu.

Baƙin nan iri biyu ne. Akwai 'yan cirani, waɗanda idan an kai amfanin gona rumbu sukan fito daga ƙasar Kano da Haɗeja da Katagum da Damagaram, su yi dako da gini da ga-ruwa, sa'an nan su koma gida kafin faɗuwar ruwan shuka. Akwai kuma maniyyata masu tafiyar ƙasa, waɗanda Yerwa ce babban zangonsu kafin su tsallaka zuwa Fort Lami, wato Njamena ta yanzu, su bi ta Abashe da Darfur har bakin Bahar Maliya. Mafi yawansu ba su da guzurin da zai kai su, sai su yi ta ƙwadago zango zango, har wasu suka ƙare a gonakin audugar Jazira a Sudan, waɗanda aka buɗe a 1925. Dukansu abu guda ya haɗa su: jikinsu shi ne jarinsu, kuma ranar da ƙafa ta karye, ko baya ya riƙe, cirani ya ƙare, hajji ma ya tsaya.

To, wa ke tsare lafiyar irin wannan mutum, alhali ba shi da uwa ba shi da uba a garin? A zamanin da, fatoma ne, wato mai masauki. Baƙo ba ya sauka haka kawai. Yakan nemi gidan mutumin garinsu, shi kuma ya ba shi wurin shimfiɗa a zaure, ya kai shi ga mai aiki, ya tsaya masa shaida a kan lada. Idan tsautsayi ya auku, fatoman ne zai aika a kira maɗori ko wanzami, ya sa 'yan zaure su yi karo-karo, idan kuma ajali ya yi, shi zai tsaya a yi sutura, ya aika wa dangi da labari tare da ɗan abin da mamacin ya tara. Ba don tsantsar tausayi yake yin haka ba, yana da la'adarsa. Amma fa mutuncinsa a garin da baƙin suka fito ya rataya ne a kan komawarsu gida lafiya, kuma mai aikin da ya saba raunata mutane, fatoma kan daina kai masa kowa. Wannan tsoron na rasa hannu ya gyara halin masu aiki da yawa waɗanda wa'azi bai gyara ba.

Sana'ar da ta fi kowace nuna hikimar mutanen da a wannan babi ita ce haƙar rijiya, domin ƙasar Barno rairayi ce mai saurin zabtarewa, ruwanta kuma a wurare da yawa yana da nisa. Gwanin mahaƙi ba ya barin sabon shiga ya sauka ƙasa sai ya daɗe yana jan guga a baki, yana koyon bambanta launin ƙasa da taurinta. Ba a shiga sai da igiya a ƙugu da mutum a sama wanda ba shi da wani aiki sai sauraro. Tsohuwar rijiya kuwa, wadda ta daɗe a rufe, akan fara zura mata fitila, idan wutar ta mutu an san iskar ciki ba ta numfashi ba ce. Ba wanda ya rubuta waɗannan ƙa'idodi a takarda, amma kowace ɗaya an saye ta da ran wani. Da hukumar En'e ta soma gina rijiyoyin siminti, daga baya kuma a shekarun 1950 aka gano ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɓulɓulowa da kansa idan an huda shi da burtsatse, hatsarin ya ragu ƙwarai, sai dai ilimin mahaƙan ma ya ragu tare da shi.

Malaman Barno, waɗanda suka sha karatun Risala da Muhtasar, ba su jahilci hukuncin ijara ba, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada. Fuƙaha'u sun bayyana cewa wanda aka ɗauka haƙar rijiya ko ma'adini, ƙasa ta rufta masa ba tare da laifin kowa ba, babu diyya a kan wanda ya ɗauke shi. Amma sun kuma bayyana cewa lamuni yana hawa kan mai sakaci da mai ta'addi, kuma bai halatta a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa ba. A ganina, abin da ya cuci ɗan cirani shi ne yadda jama'a suka haddace rabin farko suka manta da na biyu, har ya zama duk wanda ya faɗo daga tsani ruɓaɓɓe sai a ce ƙaddara ce, a yi masa sannu, a nemo wani. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa ɗauke wa kowa riƙo da sababi ba.

Dokar Turawa ta zo da nata salon. A 1941 aka kafa dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, a 1955 kuma aka yi ta masana'antu. Abin mamaki, tsakanin 1942 da 1944, tawadar dokar farko ba ta gama bushewa ba, gwamnatin nan dai ta kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka halaka da yawa. A Yerwa kuwa, inda aka fi ganin aikin doka shi ne shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kuru, wadda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 dominta a 1958, ta isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ta shigo Maiduguri a 1964. Lebura a irin wannan aiki yana da lamba, sunansa yana cikin littafin akawu, yana ƙarƙashin helima, saboda haka idan ya raunata akwai takardar da za a iya kai ƙara da ita. Amma ɗan dakon da ke sungumar buhun gyaɗa da ƙaro da ƙiraga zuwa tarago a tasha guda, shi ba shi da lamba, ba shi da littafi, sai fatomansa.

Farin shekarun 1970 ya ƙara yawan baƙi. Da Tafkin Chadi ya ja baya, masunta da manoma daga ƙasar Hausa suka bi shi zuwa Baga da Doro, banda ta riƙa sauka a kasuwar kifi ta hanyar Baga, yara matasa suna hawa ƙololuwar lodi a kan manyan motoci ba abin riƙo, wasu kuma suna shiga kwalekwale ba su iya iyo ba. An sabunta dokoki a 1987, sa'an nan a 2010 aka kafa wadda ta wajabta wa mai aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF domin jinya da diyya. Doka ce mai kyau, sai dai a aikace ba ta cika ganin kowa ba sai mai albashi a rubuce, ɗan cirani kuwa da yamma ake sallamarsa, hannu da hannu.

Fitinar masu tayar da ƙayar baya da ta soma a 2009 ita ce ta tsinke abin da ya rage na tsohon tsari, domin ta cika gari da 'yan gudun hijira masu karɓar kowane aiki a kan kowace lada, ta kuma warwatsa gidajen da baƙi suka saba sauka. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa masu yankan shinkafa kisan gilla a gonakin Koshebe, washegari aka yi jana'izar 43 daga cikinsu a Zabarmari, kuma an ruwaito cewa a cikinsu akwai 'yan ƙwadagon da suka taso tun daga ƙasar Sakkwato. Wannan ba tsautsayin aiki ba ne irin wanda doka ta sani, amma a bakin aiki ya same su, kuma an daɗe ana saɓani a kan adadin waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace, abin da da wuya ya faru da a ce akwai littafin da ya ƙunshi sunan duk wanda ya fita gona ran nan.

Saboda haka muna kira ga lawanai da bulamai, da shugabannin 'yan dako da magina da masunta, su mai da rubuta sunan baƙo da garinsu da wanda za a nema idan wani abu ya same shi ya zama sharaɗin ɗaukarsa aiki. Limamai kuma su karantar da babin lamuni kamar yadda suke karantar da babin tsarki. Kai kuma mai karatu, idan ka ɗauki ɗan cirani gini ko yashe rijiya, ka duba tsanin da igiyar da idonka kafin ya hau ko ya sauka, ku kuma yi magana a kan kuɗin jinya tun kafin ku yi ta lada.