Yadda yaƙi ya ba kare sabon aiki

Mu nan, yaro ke yi ma makaho jagora. A Turai kuwa, har kare yana yi, kuma yaƙi ne ya yaɗa abin.

A yaƙin duniya na farko, sojojin Jamus da yawa sun makance. A 1916 aka buɗe makarantar horon karnuka a garin Oldenburg, don su ja makafin. Amurka ta samu tata a 1929.

Amma ba kowane raunin yaƙi ake gani da ido ba. Wani soja yakan dawo gida jiki lafiya, hankali ba kwance ba. Ba ya barci. In aka buga ƙofa sai ya zabura, yana zaton harbi ne. Kasuwa ma ta gagare shi. Sai aka koya ma kare ya tashe shi daga mugun mafarki, ya tuna mishi da shan magani, ya tsaya tsakaninshi da cunkoson mutane.

A 2010 dokar Amurka ta fayyace cewa wannan kare daidai yake da na makaho. Yana shiga kanti da asibiti tare da mai shi, amma fa sai in an hore shi.