Bashin Katin Lamuni: Yadda Ma'aurata Ke Sauke Nauyinsa

Katin lamuni kati ne da banki ke bai wa mutum domin ya yi sayayya da kuɗin bankin, ya biya daga baya. Ya bambanta da katin cirar kuɗi da akasarin 'yan Najeriya ke riƙe da shi, wanda ke taɓa abin da mutum ya ajiye a asusunsa kawai. Wanda ya biya dukkan abin da ya kashe kafin wa'adin wata ya cika, galibi ba a ɗora masa kuɗin ruwa. Wanda ya bar ragowa kuwa, ruwa zai hau kanta, a wata mai zuwa kuma ya hau kan ruwan da ya gabata.

A Amurka, inda katin ya yaɗu sosai, Babban Bankin Tarayya reshen New York ya bayyana cewa jimillar wannan bashi ta haura dala tiriliyan 1 a karon farko a shekarar 2023, yayin da matsakaicin ruwan da ake ɗorawa ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara.

Yadda bashin ke kumbura

Tarkon yana cikin abin da bankuna ke kira mafi ƙarancin biya, wato ɗan abin da suke karɓa duk wata domin kada a ce mutum ya saɓa alkawari. A ɗauki misalin bashin naira miliyan 1 da ruwan kashi 3 cikin 100 a wata. Ruwan watan farko kaɗai naira 30,000 ne. Magidancin da ke biyan naira 35,000 duk wata, naira 5,000 kacal ya rage daga uwar kuɗin. Zai shafe kusan shekara biyar da rabi yana biya, kuma abin da zai fitar zai kai kimanin naira miliyan 2.3. Idan ya ɗaga biyan zuwa naira 100,000, cikin wata 13 zai gama, jimillar kuma ba za ta wuce kimanin naira miliyan 1.2 ba.

Wannan ne ya sa dokar katin lamuni ta Amurka ta 2009 ta wajabta wa bankuna su rubuta a takardar bayanin kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka idan ya tsaya ga mafi ƙarancin biya, da kuma adadin da zai riƙa biya domin ya gama cikin wata 36.

Bashin waye, na miji ko na mata?

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce bashi yana wuyan wanda ya sa hannu da wanda ya tsaya masa. Sai dai a jihohi 9 na Amurka, ciki har da Kaliforniya da Texas, bashin da aka ci bayan ɗaurin aure kan iya hawa kan ma'auratan biyu. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ba a tilasta mata biyan bashin mijinta; idan ta taimaka, kyautatawa ce.

A Najeriya akwai abin lura. Tun ranar 1 ga Agusta, 2020, Babban Bankin Najeriya ya fara aiwatar da tsarin GSI, wanda ya bai wa bankin da ke bin bashi damar cirar kuɗinsa daga asusun da mai bashin ke da su a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN. Asusun haɗin gwiwa na cikin waɗanda tsarin ya shafa, don haka ajiyar iyali na iya tafiya a bashin mutum ɗaya.

Matakan fita

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɓoye shi ga abokin zama ne ke mayar da shi rikicin gida. Matakin farko shi ne miji da mata su zauna su rubuta kowane bashi, da ruwansa, da ranar biyansa. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta bai wa kowane ɗan Najeriya damar neman rahotonsa daga kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry.

Na biyu, su daina sayayya da katin, su kuma guji cin sabon bashi daga manhajojin waya domin biyan tsoho. Na uku, su ware kuɗin abinci, haya, magani da makarantar yara, abin da ya saura ya tafi ga biya.

Wajen jera basussukan, hanyoyi biyu ne suka shahara. Ta farko ita ce a fara da mai ruwa mafi tsada, a ci gaba da biyan mafi ƙaranci a sauran. Wannan ta fi rage asara. Ta biyu, wadda mai sharhi kan harkokin kuɗi na Amurka Dave Ramsey ya yayata, ita ce a fara da mafi ƙanƙanta, domin ganin bashi guda ya kau yana ƙarfafa gwiwa.

Ana kuma iya tunkarar banki tun kafin a gaza, a nemi sabon jadawalin biya ko haɗe basussuka wuri guda da ruwa mai sauƙi, a kuma karɓi yarjejeniyar a rubuce. Wanda aka yi wa cajin da ya wuce ƙa'ida zai fara kai koke ga bankinsa, idan ba a warware ba ya garzaya sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Barazana da tozartawa daga manhajojin bashi kuwa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ce ke karɓar ƙorafinsu.

Bayan an sauke nauyin, kuɗin da aka saba biya duk wata su ne suka fi dacewa su zama ajiyar ko-ta-kwana, domin rashin lafiya ko yankewar albashi kada su sake tura iyalin ga katin.