Lokacin da Ɗaliban Los Anjeles Suka Fice Daga Aji

A watan Maris na 1968, dubban ɗalibai 'yan asalin Meksiko suka fice daga azuzuwa a makarantun sakandare na gabashin Los Anjeles, kamar Garfield da Roosevelt da Lincoln. Tura ce ta kai bango. Yaro ya yi Sifaniyanci a makaranta, a hukunta shi. Ya nuna sha'awar jami'a, a tura shi ajin koyon sana'ar hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda suka samo ƙarfin zuciya. Da yawa cikin iyayensu sun haɗiye wulaƙanci don a zauna lafiya. Su kuwa yaran suka rungumi asalinsu, suna kiran kansu Chicano da alfahari. Malaminsu Sal Castro ya tsaya musu. Suka nemi a koyar da harsuna biyu, a saka tarihin mutanensu cikin manhaja, a ƙara malamai daga cikinsu.

Hukuma ta kama mutum 13, har da Castro, bisa zargin haɗa baki, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar a 1970. Na yi imani yaron da ya san darajar gidansu ba ya yarda a raina shi a makaranta.