Daga Riƙon Waya Zuwa Ajin Jos

Ranar da na fara zuwa lokeshin a Kano, ƙarshen shekarun 1990, riƙon waya aka ba ni. In bi mai kyamara a baya, in tabbatar wayar janareta ba ta harɗe ƙafar kowa ba. Na shekara biyu ina wannan kafin maigidana ya bar ni na leƙa idon kyamara. Yawancinmu haka muka koya: ka yi wa wani yaranta, ka kasa kunne, ka zuba ido, wata rana ya makara a ce kai ka ɗauka.

Abin da ya jima yana damuna shi ne, a ƙasar Hausa an yi masu ilimin fim mai zurfi tun kafin a haife mu. Marigayi Adamu Halilu a Landan ya koyo sana'ar, kuma a 1976 ya mayar da littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Sadiq Ɓalewa ma a Ingila ya yi karatu kafin ya fitar da Ƙasarmu Ce a 1991. Waɗannan da fim na majigi suka yi aiki, wanda kowane taku nasa kuɗi ne, sai an kai shi ɗakin wanki kafin a ga abin da aka ɗauka. Dole mutum ya auna haske, ya tsara kowane hoto a takarda, sannan ya kunna kyamara. Mu kuwa ta wata ƙofa muka shigo. Ƙungiyoyin wasan daɓe da dirama ta talabijin, irin su Samanja da Karkuzu da shirye-shiryen CTV Kano, su suka haife mu. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya a 1990, kaset ɗin bidiyo aka yi amfani da shi, wanda in an yi kuskure sai a mayar baya a sake. Sauƙin nan ya buɗe wa dubbai hanyar abinci, amma kuma ya raba mu da dattawan da ya kamata mu durƙusa a gabansu. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Makaranta kuwa ba ta yi nisa ba. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta a Jos take, kuma a 1995 ta buɗe Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a can. Kwalejin Talabijin ta NTA ma a garin take. Tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Kano. To me ya hana mu? Kasuwa. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi tashe, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ba sa tambayar wa ya yi karatu, tambayarsu waƙa nawa ce a ciki, su wa suka fito, yaushe za a kawo. A lokacin ana gama fim cikin mako guda. Wa zai bar wannan ya je ya zauna a aji shekara da shekaru? Ga kuma batun takardun sakandare da ake nema, waɗanda da yawa daga cikin gwanayenmu ba su da su.

Ni sai da na ƙone tukuna. Wani fim da muka zuba wa dukiya, da aka zo tacewa sai muka tarar fuskokin 'yan wasa sun yi duhu a duk inda suka sa farin kaya, ƙarar janareta kuma ta danne rabin maganar. Shi ya kai ni Jos yin gajeren kwas. A makon farko malamin bai bar mu mun taɓa kyamara ba. Ya zaunar da mutum ɗaya a kujera, ya kashe fitilu duka, ya kunna ɗaya daga gefe, ya ce mu faɗi abin da fuskar take cewa. Ya ƙara ta biyu mai laushi don ta rage inuwa, ya sa ta uku daga baya don ta raba mutumin da bango. A nan na gane baƙar fata ba ƙarin haske take so ba, sanin inda hasken zai faɗa take so. A nan kuma na ji dalilin da ya sa in mutum biyu suna magana ba a tsallake layin da ke tsakaninsu da kyamara, don kada mai kallo ya ga kamar dukansu gefe guda suke duba. Shekara nawa muna wannan kuskuren, editoci suna ta fama, ba wanda ya san sunan ciwon.

Daga baya hanyoyi sun ƙaru. Wasu sun tafi Noida a Indiya, wasu sun koya daga intanet lokacin da kyamarorin Canon suka maye gurbin na kaset. Amma a ganina babbar makarantar zamanin nan ita ce fim mai dogon zango. Bayan da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, shirye-shiryenta Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka tilasta rubuta labari gaba ɗaya kafin ɗauka, da jadawali, da mai kula da kwantiniti wanda ake jin maganarsa. Ƙauyen fim da aka shirya ginawa a Kofa a 2016, da wurin horarwa a cikinsa, an fasa shi bayan ce-ce-ku-cen da aka yi. Har yau ina jin zafin rashin ajin nan. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai, wato makarantar Jos ta dawo ƙarƙashin ɗan gida.

Inda har yanzu muke da rauni shi ne sauti. Kowane yaro darakta yake so ya zama, ko mai kyamara, ba mai son riƙe sandar makirfo. Kwanakin baya dai, a wani lokeshin a Ɗorayi, wata yarinya da ta gama Jos ta tsayar da mu bayan an gama sin, ta ce a kashe fanka, kowa ya yi shiru minti ɗaya za ta ɗauki sautin ɗakin. Furodusa ya dube ni, na ce masa a yi yadda ta ce. Mu kusan talatin muka tsaya cik har ta ɗaga hannu.