Gidan Alfarma da Alƙalamin Ɗan Jarida: Yadda New York ta Ƙera Manyanta

A daren 26 ga Maris, 1883, kekunan doki suka cika titin Fifth Avenue a birnin New York, 'yan sanda na ta fama da 'yan kallo. Alva Vanderbilt ce ke buɗe sabon gidanta mai lamba 660, wanda Richard Morris Hunt ya zana mata da siffar fadar sarakunan Faransa. Baƙi sun haura dubu, da yawa cikin shigar sarki ko sarauniya, kuma jaridun lokacin sun ce liyafar ta laƙume dala 250,000.

Zuri'ar Vanderbilt ta tara dukiya a harkar jiragen ruwa da na ƙasa, amma tsofaffin gidajen birnin suna yi musu kallon sababbin shiga. Mai riƙe da ƙofa ita ce Caroline Astor: wanda ba ta gayyata ba, ko nawa ya tara, ba a lissafa shi. Alva ta gane inda gizo ke saƙa. Tun kafin ranar biki ta bar 'yan jarida suka zagaya gidan, suka kwashe labarin ɗakuna da furanni suka watsa wa gari. Labarin da ake bayarwa shi ne ta hana 'yar Astor katin gayyata, bisa hujjar uwarta ba ta taɓa kawo mata ziyara ba, har sai da uwar ta sauko ta aiko da katinta. Dutse da katako sun gina gidan, amma jarida ce ta ba shi daraja.

Daga nan harka ta buɗe. A 1888 Ward McAllister, na hannun damar Misis Astor, ya shaida wa wata jarida cewa manyan birnin ba su wuce mutum 400 ba, kuma a 1892 jaridar New York Times ta buga jerin sunayen da ya bayar. Masu kuɗi suka shiga tseren ganin sunansu a takarda, talaka kuma yana sayen jarida don ya leƙa falon da ba zai taɓa takawa ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan ƙishirwa shi ne Kanar William d'Alton Mann, mai mujallar Town Topics. Yana sayen gulma daga bakin barori, a tsara labarin abin kunya, sannan mai abin ya samu labari kafin a buga. Sai attajiri ya ba Kanar "rance", ko ya sayi talla da tsada, labari ya mutu. Asiri ya tonu a 1906 a wata shari'ar ɓata suna da ta haɗa da mujallar Collier's, inda aka ji sunayen manyan da suka ba shi kuɗi. Wannan cin amanar aikin jarida ne tsagwaronsa, kuma abin takaici shi ne masu karatu sun ci gaba da saye.

A birni guda, a zamani guda, Jacob Riis yana yawo da kyamara cikin dare a unguwar Lower East Side. Littafinsa na 1890, How the Other Half Lives, ya nuna baƙi 'yan ci-rani jibge a ɗakunan haya marasa taga. Shi ma ɗan jarida ne. Ya dai zaɓi ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Fadojin ba su daɗe ba. Haraji, tsadar barori da darajar fili suka cinye su. An rushe gidan Alva a shekarun 1920, kuma inda gidan Misis Astor yake a da, nan dogon benen Empire State ya tashi a 1931. Masu kuɗi suka haura sama, suka koma sayen hawa a benaye. A 2019 attajiri Ken Griffin ya biya dala miliyan 238 a bene mai lamba 220 Central Park South, farashin da ba a taɓa sayen gida da shi a Amurka ba kafin lokacin.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne buƙatar mai gida. Na da yana neman a buga sunansa; na yanzu sau da yawa yana saye da sunan kamfanin da babu shi sai a takarda. Shafukan gidaje suna yayata farashi da faɗin taga, ba sa tambayar daga ina kuɗin ya fito. Da New York Times ta yi wannan tambayar a 2015, ta bi diddigin masu hawa a benen Time Warner Center, ta tarar da baƙi daga ƙasashe daban-daban, wasunsu ana bincikensu a gida. A 2016 Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta wajabta bayyana ainihin mutanen da ke bayan irin waɗannan kamfanoni idan sun sayi gidaje masu tsada ba tare da rancen banki ba a Manhattan da Miami.