Ƙafa Ce Ke Kafa Kasuwa: Gombe da Sana'ar Sanin Wuri

A ƙasashe irin su Japan da Amurka akwai injunan da ake girkewa a tashar jirgi ko farfajiyar asibiti, mutum ya zura kuɗi su miƙo masa lemo ko biskit, ba mai tsaro ba mai ciniki. Ciwon kan masu su ɗaya ne: injin da ya yi watanni yana shan ƙura, a bar shi ko a ɗauke? In za a ɗauke, wa za a biya ya nemo masa sabon mazauni? Har kamfanoni ake da su da ba su da wata sana'a sai wannan nema. Irin wannan inji bai zama ruwan dare a Gombe ba, amma tambayar ta girmi injin nesa ba kusa ba, domin fadar Gombe kanta sau biyu aka tashe ta kafin ta sami inda ta zauna. Abin da tarihin garin ke nunawa shi ne, wuri yana sayar da kaya kafin mai kaya ya buɗe baki, kuma sanin wuri sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake gane na ƙwarai a cikinta ta hanyar duba lokacin da yake karɓar ladansa.

Buba Yero, wanda ya karɓo tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, ya kafa hedkwatarsa a Gombe Abba, kusa da kogin Gongola, a yankin Dukku na yau. Zaɓi ne na mai yaƙi, mai neman tsaro da ruwa da makiyaya. Da Turawa suka ci ƙasar, bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, lissafi ya canja. Su hanyar shigo da kaya suke nema, kuma da damina jiragen ruwa kan taso daga Binuwai su bi Gongola har Nafaɗa. Saboda haka a 1913 aka mai da hedkwata Nafaɗa. Shekara shida kawai ta yi a can. Kogin da ke ɗaukar jirgi 'yan makonni a shekara ba ya riƙe gari, ga shi kuma Nafaɗa tana can ƙuryar arewa, nesa da ƙasar Tangale da Waja da ake so a riƙa mulka daga wuri guda. A 1919 aka sake kwashe kaya zuwa Doma, wadda ita ce Gombe ta yanzu.

Wani zai ce ai wannan hujja ce a kaina: da umarni aka kafa garin, ga shi ya bunƙasa, ashe hukuma tana iya cewa kasuwa ta ci a nan, ta kuwa ci. Amma hukumar da ta zaɓi Doma ita ce ta zaɓi Nafaɗa, da ƙarfi iri ɗaya da hatimi iri ɗaya. Bambancin yana ƙasa. Doma ta dace da mahaɗar hanyoyi: ta Bauchi, ta Yola da ke ratsa Kumo da Kaltungo, ta Biu ta Dadin Kowa, ta Fatiskum ta Bajoga, da ta Dukku mai miƙewa Kano. Kudu da gabashinta kuma baƙar ƙasa ce mai son auduga, wadda ta jawo manoma daga Kano da Borno da sauran wurare. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a 1956, har yau unguwa guda tana amsa sunansa. Jirgin ƙasa ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Baturiya Mary Tiffen, a littafinta na 1976 kan tattalin arzikin masarautar Gombe, ta ɗora nauyin wannan bunƙasa a kan himmar ƙananan manoma fiye da tsare-tsaren ofis. Lokacin da aka ba Gombe jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, ƙafafun mutane sun riga sun daɗe da yanke hukuncin inda babban birni yake.

To wa ke karanta wa baƙo wannan ƙafa? Tun zamanin fatauci Bahaushe ya tanadi mutumin. Falke ya iso garin da bai sani ba, ya sauka gidan fatoma. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya gaya masa kasuwar da ke ci gobe, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari yake aiki tsakanin masu shanu da goro a Sabo ta Ibadan, haka Polly Hill a Kumasi. Abin lura a ciki shi ne la'ada: dillali ba ya ganin ko anini sai ciniki ya faɗa. Dubi kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe a lokacin kaka. Mota ta tsaya da buhunan wake ko masara, dillali ya soka buhu ya zubo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya murza, ya gatsa ɗaya, sannan ya ce da mai kaya, "Alhaji, kada a sauke a nan, a matsa gaba, masu lodin kudu can suke tsayawa." Ba don Allah kaɗai yake wannan nasiha ba. In kayan suka kwana, shi ma ya kwana da yunwa, kuma baɗi Alhajin gidan wani zai sauka.

A nan ne ejan na zamani ya sha bamban da kakansa. Mai neman shago yakan biya ejan kasonsa, galibi kashi goma cikin ɗari na kuɗin haya, ranar da aka miƙa makulli. Daga wannan rana ciniki ya ci ko kada ya ci, shi dai ya wanke hannunsa. Ba wai ejan ya fi dillali son zuciya ba ne. Tsarin biyan ne ya raba ribarsa da ta mai shago. Masu injunan Amurka da wannan suke kokawa, shi ya sa masu wayo cikinsu ba sa yarda da kamfanin nemo wuri sai an rubuta cewa in wurin bai yi ciniki ba cikin wa'adi, za a sake nemo wani kyauta. Wato sun zagayo sun dawo kan la'ada, ta doguwar hanya.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Dattawan kasuwa kan ce arziki na Allah ne, mai yawan tashi ba ya tara abokan ciniki, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Gaskiya ne ga mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, wanda jarinsa rabi kaya ne rabi amana, wanda mata ke nemansa da suna tun daga Kumo ko Deba. Shi in ya tashi ya yi asarar shekaru. Amma akwai sana'ar da ba a nemanta da suna, ana cin karo da ita ne kawai: mai shayi, mai cajin waya, mai ruwan leda. Su abokin cinikinsu hanya ce. Ranar da aka ɗauke tashar mota daga unguwa, teburin mai shayi na nan, tukunyarsa na tafasa, hannunsa bai canja ba, amma benci wayam. Haƙuri ba zai dawo da fasinja ba. Fataken Gonja ma ba su zauna jiran kasuwar Salaga ba bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, suka bi goro zuwa Kete Krachi da Kumasi. Wanda ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, ɗan kasuwa ne ya sa wa kifin magana a baki.

Mafi kusa da injin Japan a titunan Gombe yau shi ne mai POS: lema, kujerar roba, ƙaramin tebur, da na'urar da ba ta wuce tafin hannu ba. Sun yawaita ƙwarai tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, har a wasu wuraren ana iya ƙirga lema huɗu ko biyar a jere, kowa yana gadin ɗan'uwansa. Kamfanonin da ke ba da na'urar sukan sa ma'aunin cinikin da za a riƙa yi, in an daɗe ba a cika ba su karɓe abarsu su ba wani. Don haka yaron da ke zaune ƙarƙashin lema a Jekadafari ko Pantami ba shi da shekara shida irin ta Nafaɗa, makonni ne gare shi. Kuma wanda ya fi iya gaya masa inda zai koma ba ejan ba ne. Ɗan kamasho ne a tasha, ko mai gadin asibiti, ko mai shayin da ya san ƙarfe nawa layin ke cika da kuma ɓangaren titin da inuwa ke faɗawa bayan azahar.